Lita Arba'in da Takwas

Duk wanda ya taɓa sayen allon hawa ruwa a Stavoren, wani ɗan gari a bakin tafki a ƙasar Holan, ya hau sikelin Hidde Zandstra, ko yana so ko ba ya so. Tsohon sikeli ne na awon buhunan fulawa, yana nan a bakin ƙofar shago, ba ka isa ka tsallake shi ba. Likita ne kai, ko lauya, ko Bajamushen da ya zo hutu da mota mai ɗaki a ciki, Hidde zai nuna maka shi da haɓa ya ce, "Hau." In ka ce ai ka san nauyinka, sai ya ce, "Ni ban sani ba." Shekara arba'in yana wannan aiki bai taɓa bai wa mutum allon da ba nasa ba, sai sau ɗaya tak. Matarsa ya bai wa, kuma a ranar da ita kaɗai ta rage mata a kan ruwa.

Ɗan masunci ne, an haife shi a wani ɗan gida da ke bayan ganuwar da ke tare ruwan tafki. Uban ya so ya gaje shi, amma kafin Hidde ya yi gemu kifi ya ja baya, jiragen kamun kifi sun koma na yawo da baƙi. Sai ya shiga kafinta a wurin gyaran jiragen ruwa. Yana ɗan shekara ashirin aka fara yayin hawa allo mai filafili, wato ƙyallen da iska ke turawa, shi ma ya sassaƙa nasa da ƙiyasin ido, ya kai shi bakin tashar jiragen ruwa ranar Lahadi da mutane suka cika. Yana hawa allon ya nutse da shi har wuya. Cikin 'yan matan da ke zaune a kan ganuwa akwai wadda ta fi kowa ƙyaƙyatawa, Rinske, 'yar mai gidan burodi. Ta sa hannu a baki ta ƙwala masa, "Malam, jirgin ƙarƙashin ruwa ka ƙera?"

Bayan shekara biyu ya aure ta. Sikelin nan ma surukinsa ne ya ba shi, ya ce tunda ido ya ci amanarsa sau ɗaya, kada ya ƙara yarda da shi. Allah bai ba su haihuwa ba. Ita tana gidan burodi tun asuba har azahar, shi yana shago cikin ƙurar soso da warin gam, da yamma su haɗu a bakin ruwa. Bai taɓa kiran sunanta ba sai in an yi faɗa. "Yarinya" yake ce mata, har kanta ya yi furfura, ita kuma ta ce masa "tsoho" tun yana da shekara talatin.

Shi ma ya yi furfurar lokacin da sabon yayi ya zo. Yanzu ba a kafa filafili a jikin allo. Fiffike ne ake hurawa da famfo, mutum ya riƙe shi da hannu biyu sama da kansa, a ƙarƙashin allon kuma akwai dogon ƙarfe mai 'yan fukafukai. In iska ta ja ka ka kama gudu, ƙarfen nan sai ya ɗaga allon ya rabu da ruwa, ka ji ƙarar ruwa ta ɗauke ɗif, kana tafe a sama kamu biyu. Tashi suke ce masa. Wanda ya taɓa tashi sau ɗaya, to, an yi asararsa a gida, kullum idonsa na kan tutar tasha yana duban inda iska ta dosa.

Girman allo da lita ake faɗarsa, kuma ƙa'idar Hidde ba ta da wuya. Ɗan koyo, a ɗauki nauyinsa a ƙara arba'in: mai kilo tamanin ya ɗauki lita ɗari da ashirin, allo mai faɗi wanda zai tsaya a kansa ko iska ta mutu. In hannu ya faɗa, a sauko daidai nauyi. Gwanaye ne ke hawa allon da bai kai nauyinsu ba, siriri, mai nutsewa da su har gwiwa. Sai ka durƙusa a kansa yana zillewa, ka ɗaga fiffike, ka yi ta fizga da ƙarfin damtse da na ciki har ya kama tafiya, sannan ka miƙe da sauri. A sama kam ƙaramin allo ya fi daɗi nesa ba kusa ba, amma kafin ka kai saman sai ka biya da ƙarfinka.

To, ɗan Adam da son a sani! Kowa ƙarami yake so. Mutum mai kilo ɗari, wanda jiya ya fara, zai shigo yana shafa allo mai lita saba'in kamar ya ga amarya.

"Wannan ba naka ba ne," in ji Hidde.

"Ai ina saurin koyo."

"Ruwa bai san da wannan ba. Ka ga wancan?"

Wancan ɗin shi ne allon koyo, lita ɗari da goma, fari, mai faɗi, wanda 'yan bakin ruwa suka sa wa suna Ƙofar Coci. Akwai ƙanensa da yayyensa, amma shi ne ya yi suna. Wasu su yi fushi su tafi wani gari su sayi abin da ransu ke so, bayan wata ɗaya ka gan su sun dawo da shi suna neman musaya, idonsu a ƙasa. Hidde ba ya cewa ai na faɗa maka. Sikelin kawai zai sake nunawa da haɓa.

Akwai al'adar da muke da ita a bakin ruwan nan. Duk wanda ya sauko lita, wato ya koma allon da ya fi nasa ƙanƙanta, sai ya kawo kek, irin mai ruwan hoda a sama da ake yankawa a biki. A ci a kan ganuwa da kofi, a yi masa tafi, Hidde ya rubuta sunansa da sabuwar lambarsa da fensir a jikin ƙofar shago. Ba wanda ya taɓa kawo kek don ya hau lita. Wannan a ɓoye ake yi, ta ƙofar baya.

Rinske ta fara tana da shekara hamsin da bakwai, kilo sittin da huɗu, kuma a kan Ƙofar Coci ta fara kamar kowa, don mijinta bai san alfarma ba. Abin sai ya karɓe ta. Shekara ta biyu ta sauko saba'in da biyar, ta uku sittin da biyu. Samari 'yan ashirin suna ta faɗuwa suna shan ruwa, ita tana wuce su a sama, farin gashinta a ɗaure, tana waƙa da muguwar muryarta. Kek ɗinta kuwa da hannunta take gasawa, ba wanda ya kai nata.

A shekara ta huɗu, farkon bazara, ta hau sikeli ya nuna hamsin da takwas. Hidde ya sassaƙa mata hamsin da biyar, aka ci kek. Kafin watan Agusta ya ƙare ta sake hawa, hamsin da uku. Ya shiga shago kwana tara ya fito mata da allon da bai taɓa ƙera kamarsa ba, ja, lita arba'in da takwas, da sunanta a gefe. Kek biyu a shekara ɗaya, ba a taɓa yi ba! Auke, tsohon mai raba wasiƙu, abokin Hidde tun firamare, mai tumbi da bakin da ba ya shiru, ya ɗaga kofinsa ya ce, "Rinske, don Allah ki faɗa mana maganin. Mu muna kumbura, ke kina komawa budurwa. Hidde, ka sa ido, wallahi za a ƙwace maka ita!" Aka yi ta dariya. Ba wanda ya lura ita ba ta ci kek ɗin ba, ta dai juya shi da cokali ta ture wa Auke.

Kilo goma sha ɗaya cikin shekara guda, a jikin mace mai shekara sittin wadda ba ta rage cin komai da gangan ba. A ko'ina cikin duniya da an ce je ki asibiti. Mu nan tafi muka yi mata. Hidde kuwa, wanda ya fi kowa sanin lambobin tunda shi ya rubuta su da hannunsa, alfahari ya yi.

A watan Fabrairu idonta ya yi rawaya. Likita a babban asibiti ya ce sankara ce a ciki, kuma ta yi nisa. Bai ce da an zo da wuri ba, mutumin kirki ne, amma ya tambayi yaushe ramar ta fara, Hidde ya ba shi amsa da wata da rana da kilo, tiryan-tiryan. Likitan ya ɗago ya dube shi. Wannan kallon bai bar Hidde ba har yau.

Bazarar nan duk a hanyar asibiti ta ƙare. Gashin ya zube, muryar ta dushe. Mutanen gari suka dinga kawo miya a tukunya suna magana ƙasa-ƙasa, in sun gamu da ita a titi su karkata kai gefe su ce, "Ya jikin?" Ta tsani wannan karkata kan fiye da allurar asibiti. A tsakiyar Satumba aka dakatar da magani, aka ce ba ya ƙara komai. Likita ya ce za ta ɗan ji ƙarfi na mako biyu ko uku, in akwai abin da take so ta yi, yanzu ne.

Suna dawowa, tun a mota ta ce, "Tsoho, ina so in tashi. Sau ɗaya."

Ya duba hasashen iska. Ranar Alhamis za ta zo daga kudu maso yamma, matsakaiciya, da rana. Daga Juma'a guguwa ce har mako guda, bayanta kuma sanyin da jikinta ba zai ɗauka ba. Alhamis ɗin ce kawai, su biyun sun sani.

Ranar Laraba da hantsi ya kai ta shago. Ba sai ya nuna mata da haɓa ba, ta hau da kanta. Arba'in da biyar.

"Ƙofar Coci," in ji shi.

"Me ka ce?"

"Ɗari da goma. Kina hawa kin tsaya, ki ɗaga fiffike sau ɗaya, iska ta yi sauran. Ƙarfin da kike da shi na ɗagawa biyu ne ko uku, yarinya, kada ki ɓata shi wajen hawa."

"Ka ji mutum! Ni, Rinske, a kan Ƙofar Coci, gari duka na kallo? In yi sallama da ruwa a kan allon 'yan koyo, suna karkata kai suna cewa Allah sarki?"

"Ba wanda zai ce komai."

"Ba sai sun ce ba, wuyansu zai faɗa." Ta tafi a hankali ta dafa jan allon da ke jingine. "Zo nan, mai ƙa'ida. Nawa ne wannan?"

"Kin sani."

"Faɗi dai."

"Arba'in da takwas."

"Ni kuma nawa?"

Ya mayar da ido kan sikelin.

"Arba'in da biyar. Ka ga, yau ya ma fi ni. Da ina hawansa ina da hamsin da uku yana nutsewa da ni, yanzu ɗauka ta zai yi. Ba ƙa'idarka ba ce? Ko sikelin babana ya fara ƙarya?"

Sikeli bai yi ƙarya ba, nan ne abin ya kama shi. Lissafi yana bayanta. Hidde ya san sarai sikeli nauyi yake aunawa, ba ya auna abin da ya rage a damtse, ya san kilo takwas ɗin da suka tafi naman da take fizga da shi ne. Da baƙo ne da ya ce a'a ya juya ya ci gaba da guga. Amma wanzami ba ya son jarfa. Ta tsaya a gabansa cikin rigar sanyin da ta yi mata yawa, hular ulu a kanta, ta ce, "Hidde, tun Fabrairu ban ga mai kallona ya ga Rinske ba. Kai ma har da kai. Ka bar ni in zama ni na minti biyar."

Ya so ƙwarai a ce ita ce da gaskiya. Ya ɗauki jan allon ya ɗaura masa ƙarfe.

Alhamis ta zo yadda aka ce, iska mai kyau har abin haushi. Ba a gayyaci kowa ba, amma ganuwa ta cika. Auke ya hura ƙaramin fiffike, yau bakinsa a rufe. Rigar robar Rinske ta yi mata yawa, ruwa na shiga ta wuya, sai Hidde ya naɗe mata wuyan hannu da na ƙafa da salatif. Shi ya ɗauki allon ya shiga da shi har ruwa ya kai masa ƙirji, inda ƙarfen ba zai taɓa ƙasa ba, ita tana biye tana riƙe da kafaɗarsa.

Ta hau ta durƙusa. Allon ya ɗauke ta kamar yadda ta ce, amma siriri ne, kowace 'yar igiyar ruwa sai ta karkata shi. Kafin ta kai hannu ga fiffike ya zille, ta faɗa. Ta taso tana tari tana dariya, ta ce, "Gaisuwa ce." Ta sake hawa. A karo na uku ta ɗaga fiffiken sama, iska ta cika shi, allon ya fara tafiya, mutanen ganuwa suka miƙe tsaye. Ta sa ƙafa ɗaya, ta zo ɗaga ta biyun, gwiwa ta ƙi. Ta kife, fiffiken ya juye a kanta.

Kowace faɗuwa sai an juya fiffike, an jawo allo da igiya, an ja jiki an hau. Hidde yana ƙirgawa a zuci ba da son ransa ba. A na shida dariyar ta ƙare. A na takwas leɓenta ya yi shuɗi, yana jin haƙoranta suna kaɗawa.

Ya juya ya daka tsawa, "Auke! Ƙofar Coci! Yi sauri!"

Auke, da tumbinsa da shekarunsa sittin da uku, ya hau keke ya yi shago. Kafin ya samo allon, ya ɗaura masa ƙarfe, ya jawo shi a amalanke, minti ashirin sun wuce. Hidde ya ce ta jingina da shi ta huta, ta ƙi, ta ce in ta tsaya sanyi zai kama ta. Ta gwada sau uku a cikin minti ashirin ɗin nan. Na ƙarshen ma ba ta iya jan jikinta ta hau ba, ta dai rungume jan allon ta kwantar da kunci a kansa.

Da aka kawo farin, su biyu suka ɗora ta. Ta durƙusa, allon ko motsi bai yi ba. Ta dube shi, ta dubi ruwan, ta ce da 'yar muryar da ta rage, "Kai, ashe haka yake. Kamar gado."

"Ga fiffike. Sau ɗaya kawai, yarinya. Ki ɗaga, iska ta yi sauran."

Ya sa mata mariƙin a hannu. Yatsun suka kama. Ta ja ya rabu da ruwa, ya kai ƙirji, ya kai haɓa. Iska tana nan, tana kaɗa gefen fiffiken, jira kawai take a kai shi sama da kai. Ya sauko a hankali ya kwanta a ruwa. Ta sake gwadawa, ko ƙirji bai kai ba.

Ta zauna a kan dugaduganta tana haki. Can ta ce, "Da da wannan muka fara, da na tashi, ko?"

Hidde bai iya ƙarya ba, ko a ranar. Ya ce, "Da kin tashi."

Ta yi ɗan murmushi, ta miƙa hannu mai sanyi ta ja kunnensa. "Kai ma dai, tsoho. Shekara arba'in kana ce wa duniya a'a, yau ɗaya da nake bukatarta ka kasa."

Wasa take yi, ya sani, irin wasan da take yi masa tun ranar jirgin ƙarƙashin ruwa. Amma maganar ta shiga inda ba ta fita. Ya tura ta zuwa gaɓa tana durƙushe a kan Ƙofar Coci, Auke yana biye da jan allon a kafaɗa yana kuka kamar yaro. Mutanen ganuwa ba su san abin da za su yi da hannuwansu ba. Da aka naɗe ta da bargo ta dube su ta ce, "To, na hau lita sittin da biyu a rana ɗaya. Wa zai kawo kek?" Ba wanda ya iya dariya.

Juma'a guguwa ta zo kamar yadda aka faɗa. Rinske ta rasu a farkon Nuwamba, a gida, gadonta a jikin taga.

Hidde yana nan, shago a buɗe, sikeli a bakin ƙofa. Ya rage magana, shi da ma ba mai yawanta ba ne. Jan allon yana rataye a sama, an taya shi ya fi sau goma, ba ya ko amsawa. Jikin ƙofar nan da ke cike da sunaye ya bi shi da fenti. In an yanka kek a kan ganuwa yana zuwa ya sha kofi a tsaye, amma ba ya ci, ba ya tafi.

Bana da farkon bazara Auke ya shigo da kwalin kek a hannu, fuska kamar gonar auduga. Ya ajiye kwalin a kan teburin aiki, ya hau sikeli da kansa, ya bugi ciki.

"Duba nan, mutumina! Kilo bakwai tun Kirsimeti. Sauko da ni lita tamanin, yau ni ma a yi mini tafi."

Hidde ya daɗe yana kallon allurar sikelin.

"Me ka rage ci?"

"Ba abin da na rage, shi ne daɗin abin. Keke ne kawai, da ƙuruciya da ta dawo."

Hidde ya cire rigar aikinsa ya rataye, ya kashe injin guga, ya ɗauki makullin mota.

"Ina kuma za ka? Ga kek fa."

"Shiga mota, Auke."

"Haba, Hidde, lafiyata ƙalau! Keke ne, na ce maka."

"Rinske ma hawan ruwa ne muka ce ya rage ta," in ji Hidde, ya buɗe masa ƙofa ya tsaya yana jira.